Tun Ɗazu Aka Ɗauke

"Kada ki taɓa min baturan nan!" Tsohuwar ungozoma ce ta tare ƙofar ɗakin haihuwa, a ƙaramin asibitinmu da ke bayan Kurfi.

Na ajiye jakar kayan aikina. "Inna, duk sun kumbura. In an ɗauke wuta, sai kin gama salati kafin fitilun su kama."

"Ubanki ne ya haɗa su, Allah Ya jiƙansa. Da haskensu na yanke miki cibiya."

Na sani. Shi ya sa ban yarda a turo wani daga Dutsin-Ma ba.

Da ƙyar ta matsa. Na sauke tsofaffin, na ɗora sababbi. Ina gamawa da magariba aka shigo da mai naƙuda.

Sai da jariri ya tsala kuka ungozomar ta fito tana goge hannu.

"To, kashe wutar mu ga aikin naki."

"Inna, tun kafin kansa ya fito aka ɗauke."

Ta daɗe tana duban fitilun. Sannan ta zaro tocilan da ba ta rabuwa da ita, ta jefa cikin jakata.

"Ɗiyar ubanta," ta ce.