Kumfa a Kwalba ta Uku

An ce jikar Kaka ta taɓu. Wai kullum tana saman benen wurin aikinsu da tsakar rana, tana yi wa kwalabe magana. Har uban ya nemo likita, zai raba ta da aikin. Kaka kuwa ba ta haɗiye zance sai ta tauna, don haka ta ɗauki sandarta ta hau benen.

Ta same ta durƙushe gaban kwalabe uku na ruwa.

"Ke ja'ira, da wa kike hira?"

"Zo ki gani, tsohuwa. Wannan ƙwayoyin zinariya na zuba mata, waccan na tagulla, ƙananan da ido ba ya gani. Duk sun yi shiru. Ta ukun na haɗa su a ƙwaya ɗaya, ga ruwan yana rabuwa, iskar makamashi tana fita."

Kumfa siririya na ta tasowa a ciki.

"Zafi ne kawai," in ji Kaka. "Tukunyata ma tana yi."

"To, tare mata hasken."

Kaka ta ware mayafinta ta yi wa kwalbar inuwa. Kumfar ta tsaya, kwalbar kuwa da ɗuminta. Ta janye, kumfar ta dawo. Ta sake rufewa, ta buɗe, sai ga ta tana dariya: "Taso, 'yar albarka, taso!"

Uban da ya biyo sawu ya tsaya baki buɗe, ga uwarsa ma tana hira da kwalba.

"Sallami likitanka," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Yarinya lafiyarta ƙalau. Hasken rana ne ke raba ruwan."