Jan Manja a Ɗakin Mama Ngozi

Da la'asar ɗin nan Inna ta kasa zama. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa zaure ta dawo, sannan ta ce in zo in riƙe mata ƙwarya a ɗakin Mama Ngozi, mai sayar da manja da ta daɗe tana haya a gidanmu na Funtua. Lokacin mutanen kudu ba su jima da barin gari a manyan motoci ba, har da ita da 'ya'yanta.

Inna ta dama jar ƙasa, ta shafa a bango da tsumma, ta ja da baya ta duba.

"Bai yi ba, wannan jan barkono ne. Jan manja nake so, yadda yake in ya narke a tukunya."

Ta goge, ta sirka da farar ƙasa, ta sake shafawa.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wani malamin auduga yana son ɗakin.

"Malam, ɗakin da mai shi," in ji Inna, ko juyowa ba ta yi ba.

Mama Ngozi ba ta dawo ba, Inna kuma ba ta ba kowa ɗakin ba. Na tsufa yanzu, amma har yau ina so in san ko sun isa gida.