Hannun But ɗin Motar Kaka

A bayan gidanmu a Wurno akwai tsohuwar motar Kaka, wadda ta daina tashi tun kafin a haife ni. A but ɗinta yake ajiye albasa. Wata rana da la'asar muna kwashewa, warin albasa da tsohuwar roba ya cika mini hanci, sai na lura hannun but ɗin baƙin fenti ne, alhali na ƙofofin suna walƙiya.

Na ce, "Kaka, mi ya sa wanga ya fita daban?"

Ya ce, "Ana tsakar yaƙin duniya na Turawa anka ƙera ta. Kafin su zo ga but, an kwashe ƙarhe mai walƙiya an kai yaƙi."

Na rasa me yaƙi zai yi da hannun but. Na ce, "Da anka gama, sun maido?"

Ya daɗe yana juya albasa ɗaya a hannunsa. "Mi sunka maido? Ƙanena Umaru ma ba su maido ba."

Ban taɓa jin yana da ƙane ba. Na tsaya ina tunanin ko wuri ɗaya aka kai su, shi da ƙarfen. Kaka ya rufe but ɗin a hankali. Har ya rasu ban sami ƙarfin sake tambayarsa ba, kuma abin yana damuna har yau.