Hotunan Ƙarshe Na Bakin Get

Da guduma suka fara, a kan yatsun ɗana Auta. Ina kwance rub da ciki a ɗakin sabar, babbar kwamfutar kamfani da yake kula da ita, inda nake shara, ɗayansu ya take min baya da takalmi. Su uku ne, fuska a rufe, sun zo kwashe siton kamfani da rana tsaka.

"Kashe kyamarorin nan!"

Auta ya ƙi. Sai suka ɗora min wuƙa a wuya. Da hannun hagu ya danna madannin kwamfuta, jini na ɗiga, aikin kyamara ya tsaya. Duk da haka suka sauke masa gudumar a ka. Sau ɗaya ya ce "Umma".

Kwana biyu da binne shi 'yan sanda suka kira ni. Abokiyar aikinsa tana wurin.

Ta ce, "Mama, kowane aiki a sabar sai da Auta ya ɗora masa manhaja mai sa ido. Da zarar aiki ya mutu, saƙo zai shigo wayata. Da na kyamara ya mutu, har da hotunan ƙarshe na bakin get manhajar ta turo."

Ta juyo min allon wayar. Ga su ukun tun ba su rufe fuska ba. Ga na huɗu yana nuna musu ƙofar baya.

Ɗan sanda ya ce, "Iya, kin san wannan?"

Na ce, "Ɗan farina ne. Yana gida yana karɓar gaisuwar ƙaninsa. Ku taso in kai ku."