Sifanar Hagu

Na rantse da wanda raina ke hannunsa ba za ka yarda ba, amma saurara, misali ne, kuma ba a littafi na tsinto shi ba, don ni da littafi mun yi rabuwar arziki tun ina ƙaramar sakandare. Akwai wani tela, Ubale, ɗan goggona ne, wato taubashina. Ya yi ta ɗinkin sallah har ya sayi wata tsohuwar mota mai tari. Kanikawa suka gajiyar da shi, kullum ya kai ta juyen baƙin mai sai an gano mata sabuwar cuta. Ran nan ya ce ya gaji, da hannunsa zai yi juyen a ƙofar gida, domin washegari da asuba zai kai Goggo sadakar ukun aminiyarta a wani ƙauye can bayan Gezawa, inda motar haya ba ta shiga. Ya kwance noti, mai ya tsiyaye a tsohuwar roba. Saura filta, wannan gwangwanin da ke tace mai. Ya kama da hannu, santsi. Ya naɗa mata tsumma, ko gezau. Ya zare bel ɗinsa ya ɗaura mata ya ja, har wando ya nemi ya yi masa sallama.

A nan na iso. To ni duk unguwa an sani, ba a shiga tarkona a fita da hula a ka, balle taubashi, wanda zolayarsa gado ce. Na durƙusa na leƙa kamar wanda aka haifa a gareji, na ce, "Haba Ubale, ai filta hagu take kwancewa. Sifanar hagu za ka nemo, yara ma sun san wannan." Ya dube ni da jajayen idanu, ko musu bai yi ba, ya shuri takalmi ya nufi kasuwar 'yan kayan mota. Wallahi na zaci a shagon farko za su ƙyalƙyale da dariya su koro shi. Ashe 'yan kasuwa sun fi ni rashin abin yi. Wannan ya ce yanzun nan ta ƙare, ya duba layin baya. Na layin baya ya ce ta hagu sai tsallaken titi. Na tsallaken titi ya tambaye shi ta ƙasar waje yake so ko ta gida. Haka ya yini yana jan ƙafa cikin rana, ba ci ba sha. Da suka ga ya galabaita, wani ya sayar masa da sifana mai sarƙa, wani ya haɗa shi da mai kama da kofi, wadda ake kifa wa filta a ka. Ita kuwa sabuwar filtar da zai gwada su a jikinta tana gida a kan keken ɗinki. Tela guda, mai auna wuyan kowa, ya fita nemo wa gwangwani riga ba awo.

Bayan la'asar ya dawo. Ya zura mai sarƙa, wurin ya yi mata kaɗan, babu inda hannu zai juya. Ya kifa mai kofi, ta yi ta wulwulawa kamar hular uba a kan ɗa. Sai kawai ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya rufe ido. Ni kuwa tun azahar nake majalisa ina rabon labarin da gishirinsa, ban san ya riga Ubale shiga gida ba. Sai ga Goggo ta fito tana dogara sanda.

"Kai Tanko, ashe kai ne masanin hagu da dama?"

"Goggo, wasan taubasai ne fa."

"Na sani, ni da ubanka muka haifi wasan. Shiga ka kwance ta."

Ina cikin farar shaddata, amma mutane sun taru, kuma ni ba na ja da baya a gaban jama'a. Na ce a miƙo mini sukundireba da guduma, yanzu za a ga aiki. Na kwanta rigingine a ƙarƙashin mota, na saita, na buga. Ashe filta ba ta rabuwa da mai a cikinta. Ya zubo mini a ido, a baki, har cikin hanci. Na daure na murɗa, gwangwanin ya yage kamar takarda, gindinsa ya tsaya manne da inji yana kallona. Daidai nan aka kira magariba, kowane gareji ya ja ƙofa.

Na jawo jiki na fito, babu wanda ya yi dariya, duk an gaji. Goggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Babur ɗinka yana da mai? To da asuba ka zo ka ɗauke ni. Ka zauna a gama addu'a, ka dawo da ni, sannan ka nemo wa ɗana bakanike. Kuma ka bi a hankali, ƙuguna ba ya son rami."

Na buɗe baki zan yi magana, baƙin mai ya riga ta fitowa. Masu iya magana sun ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.