Igiyar Attahiru

Babu yaron da ake haifa da rashin ji, iyaye ne ke koya masa. Haka Ustaz Alhasan, jami'in kula da iyali daga garin Damazin na Sudan, ya sanar a rumfar Mero, mai sayar wa leburorin madatsar Rusairis shayi. Yana magana yana nuna igiyar da ta ɗaure ƙafar ɗanta Attahiru, ɗan shekara uku, a jikin turke.

"Yaron da aka ɗaure kamar akuya, tunkuyi zai koya. Ilimi ya tabbatar."

"Ya Ustaz, ga gulbi nan kusa. Da na juya baya sai bakin ruwa. Ubanai ya rasu, hannuna biyu ne. Mi zan yi?"

"Ki kwance shi, ko a tashe ki daga nan."

Ta kwance.

Da ya dawo tare da baƙi daga Hartum, ya tarar da Attahiru ba igiya, ba kuka, ba cizo. Yana zaune a cinyar wata yarinya, tana zana masa alif a ƙasa.

"Tamam! Kun ga aikin ilimi?" Sai ya dubi rubutun ya ɓata rai. "Yarinya mai kai haka, tana nan da hantsi ba ta makaranta? Iyayen nan dai!"

Mero ta ci gaba da wanke kofuna.

Yarinyar Asma'u ce, babbar 'yarta, wadda ita ce ta ɗaya a ajinsu har ranar da aka kwance igiyar. Attahiru ya zabura wajen ruwa. Asma'u ta riƙe ƙafarsa, daidai inda igiyar take a da.