Ƙarar Jannatu

"Mabruk, barka! An gano mai yi miki ƙazafi a Fesbuk!" in ji lauyanta a waya. "Bulala tamanin zai sha."

Jannatu ta kashe wayar. Ranar da kotun garin Gadarif ta kori ƙararta, hamdala ta yi a ɓoye. Mabiyanta na Fesbuk ne suka tayar da ƙura, wai sai an ɗaukaka ƙara, aka kuwa ɗaukaka.

Sai ga 'yan sanda a tsakar gida. Suka wuce ta, suka tsaya kan babanta yana alwala.

"Ya Hajj, layin wayar da aka yi ƙazafin da shi, sunanka ke kai."

Tsohon, wanda ko rubutu bai iya ba, ya waiwayo. "Jannatu, ba wanda na saya miki ba ne?"

Ita ta yi wa kanta ƙazafin. Ita dai mabiya ta so su ƙaru.